Ɓarawon da Ya Tausaya wa Littattafai

Kafin Sufeto ya isa jami'ar, Sajan ya riga ya jefa tsohon maigadin sashen a bayan kanta. Halin Sajan ke nan, kamu tukuna, tambaya daga baya.

Ofishin da aka fasa ɗan ƙurƙutu ne, taga ɗaya, littattafai har rufi. Mai ofishin, wani malami da kowa ke kira Dakta, yana tsaye yana sharce gumi. Ya ce an fasa taga an ɗauke kwamfutarsa, kuma a cikinta littafinsa yake. Kamfanin buga littattafan ilimi ya karɓi tsarin littafin, saura babi ɗaya na gwaji da zai tura ranar Litinin. In bai tura ba, ƙarin girma ya wuce shi, watakila har kujerar.

"Ba ka ajiye kwafi a wani wuri ba?"

"Babu, ranka ya daɗe. Takardar rahoto kawai nake so, mai hatimi, in aika musu."

Abin ya tsaya wa Sufeto a rai. Ya daɗe yana ganin waɗanda aka yi wa sata, kowa tambayarsa yaushe kayansa za su dawo. Wannan hatimi yake nema.

Ya duƙa gindin tagar. Gilashi ya tarwatse a kan kantar da ke ƙarƙashinta, amma kantar wayam take, sai shatar littattafai a cikin ƙura. Littattafan kuwa ga su can a kusurwa, an jera su tsaf, ko ƙwayar gilashi babu a kansu.

A caji ofis, maigadi ya riƙe ƙarfen kanta da hannu biyu. Ya rantse bai ga kowa ba, sai da Sufeto ya matsa sannan ya ce ya ga Dakta ya dawo bayan an tashi aiki. Ya ɓoye maganar ne don Dakta ke saya masa maganin hawan jini. Tausayin tsohon ya kama Sufeto, ga shi ba shi da hujjar sakinsa.

Ya buga wa editar kamfanin waya. Ta yi ajiyar zuciya ta ce sun sha ɗaga wa Dakta lokaci, yau rashin lafiya, gobe ruwa ya shiga gida. Kwamitinsu ya ce ba ƙari sai da shaidar hukuma.

Sufeto ya koma ofishin Dakta ya tura ƙofa ya rufe.

"Dakta, ɓarawon nan naka mutumin kirki ne. Sai da ya kwashe littattafanka gefe sannan ya fasa taga."

Dakta ya dubi ƙofa, ya dubi taga, babu mafita. Da Sufeto ya gaya masa tsohon nan zai kwana a ƙasan siminti ba maganinsa, sai ya sulale kan kujera. Ya janyo akwatin takardun jarrabawa, ya zaro kwamfutar daga ƙasa, ya kunna.

Sunan littafi ne, da jerin babi-babi, da sadaukarwa ga mahaifiyarsa. Daga nan sai farin shafi.

Ya ce shekaru ke nan yana zama gaban shafin nan, kansa ya ƙi. A gida Inna tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya gama littafi, a sashe ana yi masa barka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya sani, amma bai ga hanyar fita ba.

Suna shiga caji ofis ana buɗe wa maigadi kanta. Dakta ya kasa haɗa ido da shi.

Sajan ya miƙa wa Dakta biro da takarda ya rubuta jawabinsa. Ya cika shafi, ya nemi ƙari, ya sake nema. Da ya sa hannu a ƙasa, ya daɗe yana kallon takardun.

"Ranka ya daɗe, rabon da in kai rubutu ƙarshe har na manta."

Sufeto ya karɓa ya buga hatimi, Sajan ya wuce da Dakta ciki.