Tafiyar da Aka Cire wa Jif

Akwai labarin da in na tuna shi sai abinci ya fita raina, amma dole in ba ku, don masu kwaɗayi ba sa ƙarewa.

Bakanike ne, Sifana ake ce masa. Yayansa ne ya rene shi, ya koya masa aiki, da ciwon gwiwa ya kama shi kuma ya bar masa garejin. A bayan garejin akwai wata koriyar jif ta marigayi ubansu, irin ta da can, mai ƙirar akwati, mai ja da ƙafa huɗu, da taya goye a bayanta. Ta ci daji ta ci dutse, mitarta ta haura kilomita dubu ɗari uku.

Wata rana wani attajiri mai tara tsofaffin motoci ya zo, ya zagaya ta, ya leƙa mitar, ya ja tsaki.

"Da ba ta wuce dubu ashirin ba, da kuɗinta ya saya maka gareji goma," in ji shi. "Kuma kada ka wahalar da kanka da juya mita. Robar totur da ƙafa ke takawa nake dubawa, da kujera, da sitiyari. Su ba sa ƙarya."

Maganar nan ta hana Sifana sakat. Kafin mako ya zagayo, sai ga shi da rana tsaka a filin matattun motoci, cikin gangar jikin wata tsohuwar bas inda wani boka yake zaune. An toshe tagoginta da buhuna. Ƙahoni da gashin tsuntsu suna rataye a ƙarfen da fasinjoji ke riƙewa, ga wani kasko cike da baƙin mai a gaban bokan, yana motsi ba wanda ya taɓa shi.

"So kake tsohuwa ta koma yarinya," in ji boka, tun bai buɗe baki ba. "Zai yiwu. Amma tafiya ba ta ɓacewa. In na cire ta daga jikin mota, ƙafa ce za ta ɗauka. Kawo mini mitar, da takalmi ɗaya daga gidanku."

"Na wa?"

"Kai ka san gidanku."

"In na kawo nawa fa?"

Boka ya yi dariya har da tari. "Kawo mana."

Ba nasa ya kai ba. Silifas ɗin Yaya ya ɗauke a bakin ƙofa, yana ce wa zuciyarsa ai likita ma ya ce Yaya ya riƙa tattaki. Allah wadai!

Boka ya yanka baƙin zakara a kan takalmin, ya nutsa shi cikin kaskon tare da mitar, yana kiran sunayen da ba na iya maimaitawa. Sifana yana kallo lambobin suka riƙa juyawa baya, ƙis ƙis ƙis, har suka tsaya a dubu goma sha takwas. Da ya koma gareji ya yaye tamfol ɗin da ya rufe jif ɗin, sai ga ta sabuwa fil. Fenti yana sheƙi, kujeru suna ƙamshin sabuwar fata, robar totur ko ƙwarzane babu.

Attajiri bai ko yi ciniki ba. Sifana ya sayi gida mai bene, ya buɗe sabon gareji, ya fara tumbi.

Ranar da suka tare, shi da Yaya da matarsa da 'yarsu, suna tsakar cin abinci, Yaya ya miƙe ya ce bari ya ɗan miƙe ƙafa. Bai sake zama ba. Ya zagaya tsakar gida, ya fita titi, ya dawo, ya sake fita. Aka ɗaure shi a gado, ƙafafun suna ta tafiya a iska.

"Ƙanena, kai ne bakanike," in ji shi, yana murmushin wahala. "Duba mini ƙafafun nan, birkinsu ya tsinke."

Sifana ya kasa haɗa ido da shi. Kwana hamsin Yaya yana tafiya, tafin ƙafarsa ya cinye har nama, sannan ya faɗi a bakin famfo ya cika. Sifana ya yi kuka na gaske, amma can ƙasan ransa ya ji sauƙi, wai an gama biya. Wannan sauƙin ne yake cin sa har yau.

Kwana uku da rasuwar, matarsa ta ajiye wanki ta miƙe, ita ma ta kama tafiya.

Ya ruga wurin boka. "Takalmi ɗaya na kawo maka!"

Boka ya ce, "Ka tambaye ni wa zai karɓa in mai takalmin ya ƙare? Yayanka ko kilomita dubu biyu bai ci ba. Magani ɗaya ne, motar ta yi tafiyarta da tayoyinta."

Ya samu jif ɗin a gidan attajiri, cikin wani ɗakin gilashi mai sanyi, an ɗora ta a kan jak huɗu don kada tayoyin su taɓa ƙasa. Ya yi tayin ninki biyu, ya haɗa da gidan da garejin.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji attajiri.

"To ranka ya daɗe, ara mini ita in tuƙa, don Allah!"

"Tuƙawa? Kana da hankali kuwa? Kowace kilomita ɗaya rage mata daraja take yi."

Sifana ya durƙusa ya faɗi komai, har zancen silifas. Masu gadi suka yi waje da shi suna cewa kuɗi sun taɓa masa kai.

Matar ba ta kai wata biyu ba, ita ma ta rasu. Dukiyar ta ƙare a wurin masu magani. Saura 'yarsu ɗaya, mai shekara shida, tafiyar kuma ta koma kanta.

To, kai da kake ganin arziki ya yi maka jinkiri, ka kiyayi kanka. Duk wanda ya ce zai ba ka a yini ɗaya abin da ake samu a shekara arba'in, daga jikin naka zai yanka, kuma da hannunka zai sa ka nuna masa wurin.

In ka bi ta gefen babban titi za ka ga Sifana, ba takalmi, ya goya yarinyar da zanen uwarta, yana ta tafiya ko a lissafa tasa tafiyar a madadin tata. Ƙafafunta suna ta harbin ƙugunsa, ba sa tsayawa. Da kunnena na ji ta tambaye shi, "Baba, mun kusa?"

Ya ce mata sun kusa.