Telan Da Ya Ɗora Gidansa A Kan Sikeli

Duk wanda ya san Tela a wancan lokacin zai gaya maka ba mugun mutum ba ne. Shagonsa ƙarami ne, a kwanar titi, tsakanin mai aski da mai gyaran fanka. Yana da mata da yara biyu, namiji da auta mace, ga tsohuwar mahaifiyarsa da kowa ke ce wa Inna, duk suna zaune a gidan haya. Ɗinkinsa yana zama a jiki. Abin da ya ɓata shi waya ce.

Wani mai kawo masa ɗinki ne ya koya masa cinikin kuɗin ƙasashe a waya. A allon akwai 'yan sanduna da suke kira kyandir, kore da ja, suna hawa suna sauka ba hutu. Tela sai ya jingine wayar a jikin keken ɗinki, ƙafa tana taka keke, ido yana kan kyandir. Har ya taɓa ɗinke ƙafar wandon wani ruf, bai sani ba.

"Sarkin kyandir," mai aski yakan leƙo ya ce, "yau wane launi aka kunna mana?"

"Ka bari dai, gobe kore ne."

"Goben nan taka ta fi ta mai kawo ɗinki nisa."

A gida ma ba shi da wata hira. Yakan ce wa matarsa, "Kin ga, kuɗi biyu-biyu suke tafiya, kamar sikeli. In wannan ya hau, dole wancan ya sauka. Riba ba daga sama take faɗowa ba, hasarar wani ce."

"To Baban yara, mu ne wanin kullum?"

Ya yi dariya, amma maganar ta soke shi. Ya riga ya sayar da kekensa na biyu ya zuba a wayar, ja ya lashe. Ranar da ya ji Inna tana roƙon maƙwabciya aron gawayi, ranar ya nemi mai gyaran fanka, wanda ya daɗe yana yi masa raɗar wani boka a bayan gari.

Da tsakar rana ya je. Wurin tsohon ɗakin injin niƙa ne da aka daina aiki da shi. Rana tana dukan kwano, amma ciki sanyi kamar bakin rijiya. Babu ƙuda ko ɗaya, alhali ƙarnin jini ya cika ɗakin. An rataye ƙahoni a bango, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. A tsakar ɗakin wani tsohon sikeli ne mai faranti biyu yake lilo daga rufi, yana motsi shi kaɗai ba iska. Bokan yana zaune a ƙarƙashinsa, siriri, fes da shi kamar malamin asibiti.

"Riba kake so," in ji bokan. "Faɗa mini yadda cinikin naku yake."

Tela ya faɗa masa, har da maganar biyu-biyu. Bokan ya yi murmushi.

"Ashe ka san aikina. Ɗora wayar a nan."

Ya ɗora. Farantin ya yi ƙasa har ya taɓa daɓe.

"Kana so ta hau, sai ka sa wani abu a ɗaya gefen ya sauka. Abin da yake naka. Me za ka sa?"

"Kekena."

"Ƙarfe ba ya rinjayar ƙarfe."

"In kawo rago?"

"Naka na ce, ba na kasuwa ba."

Tela ya shiga lissafi. Ya san irin wuraren nan, ya kuma rantse a ransa ba zai ambaci sunan kowa ba. Sai dabara ta faɗo masa. Gidan da yake ciki na haya ne, bangonsa duk tsaga, mai shi kuma ba ya ɗaga ƙafa. In ya rushe, hasarar wani ce.

"Gidana," ya ce.

"Gidanka." Bokan ya dube shi. "Ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Na ji."

"Sake faɗa."

"Na sa gidana."

Bokan ya karɓi makullin gidan, ya shinshina, ya ce hannuwa da yawa sun taɓa shi, ya yi kyau. Ya yanka baƙar kaza a kan makullin, ya jefa shi cikin farantin da ba komai. Ɗan makullin nan ya ja farantin ƙasa da ƙara, wayar ta yi sama. Tela ya ɗauki wayarsa ya fito yana dariya a ciki, wai ya cuci boka.

Daga makon nan kore ya buɗe masa. In ya saya, kuɗin ya hau. In ya sayar, kuɗin ya faɗi. Ya rufe shago, ya sayi mota, ya sayi gida mai bene, ya kwashe iyalinsa da gaggawa don kada bangon haya ya faɗo musu. Mai aski ya daina tsokana, ya koma gaishe shi da rusunawa.

Inna ce ta fara. Ranar da aka yi wani babban hawa, ta kwanta bayan azahar, ba ta tashi ba. Aka ce tsufa ne. Tela ya yi kuka, ya yi sadaka mai yawa, ya koma kan wayarsa.

Sai yaron. Lafiyarsa ƙalau ya dawo daga makaranta, ya ce, "Umma, ƙafata ta yi nauyi, kamar ana ja na ƙasa." Likitoci suka duba, ba su ga komai ba. Kafin mako ya zagayo an kai shi. Uwarsa ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki takalmansa ta jera a bakin ƙofa, kullum tana goge su tana ce musu su shigo rana ta yi zafi. Daga baya ta daina gane kowa, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, ba ta daɗe ba ita ma.

Bayan zaman makokinta Tela ya bi ta tsohuwar unguwa. Gidan hayar yana nan tsaye, har an yi masa sabon fenti. Yana tsaye yana kallo mai aski ya fito, ya riƙe hannunsa, ya yi masa gaisuwar da kowa ke yi wa kowa.

"Ya haƙuri? Ya gida?"

"Gida lafi..."

Maganar ta maƙale. Tun da aka haife shi ake tambayarsa ya gida, bai taɓa ɗauka bango ake nufi ba.

Ya koma gida da gudu. Auta tana zaune a matakala, ta ce, "Baba, ɗauke ni, ƙafata ta yi nauyi."

Ya kai ta wurin yayarsa, ya ce ta riƙe ta, daga yau ba 'yar gidansa ba ce. Nauyin bai bar ta ba. Ya buɗe waya ya yi ta cinikin hauka don ya faɗi, yana saye inda ya kamata ya sayar. Kasuwar ta juya ta bi shi. Ya doka wayar da ƙasa, ta tsage, allon yana nan kore shar.

Ya koma ɗakin injin. Sikelin yana nan yadda ya bar shi.

"Bango nake nufi," ya ce. "Ka san bango nake nufi."

"Sau biyu na tambaye ka."

"Karɓi kuɗin duka, ka cire makullin."

"Ba ni na buɗe cinikin ba, ba ni zan rufe ba. Sai gefe ɗaya ya ƙare. Saura nawa a gidan?"

Tela ya durƙusa. "Yarinya ce. Ko haƙoranta ba ta gama famfara ba."

Bokan ya nuna sikelin. "Kai ka ce in wannan ya hau wancan ya sauka. Kana so makullin ya yi sama, sai ka ƙara wa gefen wayar nauyi. Ba kuma da kuɗi ba."

Tela ya gane. Ya tashi, ya mayar da tsagaggiyar wayar kan farantinta, ya ɗora goshinsa kusa da ita, ya danna. Sarƙar ta yi ƙara.

Da yamma aka tsince shi a bakin titi ba hula ba takalmi. A yammacin nan Auta ta sauko daga gadon gwaggonta da ƙafarta, ta ce yunwa take ji. Dukiyar kuwa ta watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Benen gobara ta ci, motar ba a san inda ta shiga ba.

Yau in ka bi ta kwanar nan za ka gan shi zaune a ƙofar tsohon shagonsa, riƙe da ɓallin tangaran, yana shafa shi da yatsa. Yayarsa ke kawo masa abinci, wani lokacin da yarinyar a bayanta. Ba ya gane su. Amma in baƙo ya yi kuskure ya ce masa ya gida, sai ya ƙura wa tangaran ɗin ido, ya yi ƙasa da murya.

"Yana hawa. Kar ka taɓa."

Kai mai neman na dare ɗaya, ka ji. Babu bokan da yake ba da nasa, naka yake sayar maka, kuma ya fi ka sanin ma'anar abin da bakinka ya furta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. In ana tambayarka ya gida kana iya cewa lafiya, to riƙe wannan da hannu biyu, kada ka kai shi kan sikelin kowa.