Ƙarfen Marigayi

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da maƙeri ya kama hanyar gona, ƙarfen lalas naɗe cikin tsumma a hammatarsa. Lokacin sa wa shanu alama ne, ko'ina ƙaurin gashi.

Ƙarfen na marigayi ne, ƙanin maigona, wanda ya rasu ya bar mace da shanu. Alamarsa jinjirin wata ce. Ta maigona ma wata ce, sai dai da layi a tsakiya. Shi ya sa ya kai ƙarfen maƙera a ƙara masa layi, gobe da safe a ɗora shi daidai kan tsohon tabo, shanun su koma nasa. Da matar marigayi ta je roƙo, maigona ya ce mata saniya ba ta karatu, ba za ta san an canza mata suna ba. Maƙeri ya yi dariya a lokacin. Ya kuma yi aikin da kyau.

A bakin garke ya tsaya. Shanu ba sa tuƙa, ba mai kaɗa jela. Duk sun juya fuska wuri guda.

Akwai wuta a murhu. Wani dogo ya ba shi baya, yana tsugune yana hura ta da baki. Gwiwoyinsa sun wuce kansa.

Gefensa an kayar da wani abu, an haɗe ƙafafun gaba da na baya da igiya. Maƙeri ya ɗauka maraƙi ne, sai da ya ga takalmi.

Maigona ne, igiya a bakinsa.

"Ka makara," in ji dogon, da murya ƙasa-ƙasa. "Kawo."

Bai juyo ba. Hannunsa ne ya taho ta baya, ya ratsa garken, ya zare ƙarfen. Ya shafa layin da yatsa, ya yaba aikin, sannan ya ɓalle shi kamar busasshen kara. Ya ce shi da marigayi suka yi kiwon shanun nan tun marigayi bai kai tsawon sanda ba, kuma bai ji an sallame shi ba.

Ya cusa watan da layin cikin garwashi.

"Danne masa cinya."

Maƙeri ya danne.

Ƙarfe ya yi ja. Dogon ya ɗora watan a cinyar maigona.

Ƙara ta tashi kamar ruwa a kasko. Ƙaurin ba na gashi ba ne.

Dogon ya sa yatsu cikin wuta ya ɗauko guntun layin.

"Wannan naka ne. Da wane hannu ka ƙera shi?"

Maƙeri ya zabura. Wani abu mai sanyi ya riƙe masa wuyan hannun dama, ya buɗe tafin, ya danna guntun a ciki. Bai ji zafin ba sai da ya haura shinge ya faɗi cikin ƙaya. Ya tashi da gudu. Ba wanda ya biyo shi. A bayansa ya ji shanu sun ci gaba da tuƙa.

Tafin ya warke a buɗe, bai ƙara rufuwa kan guduma ba. Maigona ya ce wa mutane kan garwashi ya faɗi, kuma ba a sake ta da maganar shanun ba.

Sai dai kullum da yamma, idan matar marigayi ta tsaya bakin garke ta kira dabbobinta, maigona yakan miƙe. Ko yana cikin baƙi, ko loma na hannunsa. Ya taho yana ɗingishi, hawaye na zuba, ya tsaya tsakanin shanu yana jira.

Ba ta taɓa tambayar dalili ba. Takan buɗe ƙofa ta dube shi.

"Bi layi, Yaya," takan ce. "Manya ne gaba."