Ɓarawon Jaririn Don Eustoquio

Ranar da Yuleima ta fara ganin Anselmo, kwance yake cikin akwatin gawa, sanye da jajayen kayan Baba Kirsimeti. Ta kawo wa 'yan fim ƙullin masara na ganyen ayaba, tana neman wurin ajiyewa, sai kawai gawa ta tashi zaune.

"'Yammata, da nama a ciki?"

Ta kurma ihu, ta maka masa faranti a ka.

Ashe shi ne darakta, ɗan Karakas, ya hau tsaunukan Merida yin fim. Barkwanci ne mai ɗaci: ɓarayi biyu sun yi fashi ranar Kirsimeti, sun ɓoye ganima a akwatin gawa, dangi kuwa suka binne mamaci da ita. Wanda zai fito a matsayin gawar ya tsorata ya gudu, shi ne Anselmo ya kwanta da kansa.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Sarauniyar faranti, kaina ya kumbura, zuciyata ta fi shi. Gobe ma ki zo ki kashe ni."

Ta amsa: "Mamaci, ka ji da kabarinka." Amma fa ta je. Jibi ma ta je. So ya kama ta, ba ta kuma ɓoye ba.

Matsalar ita ce mahaifinta, Don Eustoquio. Yana da sassaƙen Jariri Yesu na itace da ya gada tun kakansa, wanda yake kwantarwa a komin dabbobin da ake shiryawa a falo duk Kirsimeti. Anselmo, da rawar kai irin ta 'yan birni, ranar da ya fara zuwa gaisuwa ya nemi aron Jaririn don fim.

Tsohon ya miƙe tsaye. "Kai da kake wasa da mutuwa a watan haihuwa? Jaririna ba ka samu ba, 'yata ba ka samu ba. Kada ƙafarka ta sake taka gidan nan."

Da watan Janairu ya kama, wata safiya aka tarar da komin wayam. Wata maƙwabciya ta ce ta ga Dayana, tauraruwar fim ɗin mai jan baki, ta fita da abu a naɗe cikin mayafi.

A garin kowa ya san satar Jariri al'ada ce. Maƙwabci ke ɗauka, mai gida ya bi gida-gida da mawaƙa da kyandir har ya gano shi, ya ɗaure hannun ɓarawon, sannan dole mai gidan ya ci abinci a gidan ɓarawon. Amma ina ɗan Karakas zai san wannan? Yuleima ta tabbata sata ce ta gaske, don fim, shi da Dayana. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ta rubuta: "Ashe Jaririn kake so, ni tsani ce. Ka gaida mai jan baki."

Ya amsa: "Sarauniyata, an hana ni shiga gidanku. Ba a hana Baba shiga nawa ba. Dayana 'yar aike ce kawai. Ki sa rigarki mai kyau."

Ta karanta, ta sake karantawa, sai dariya da hawaye suka haɗe mata.

Don Eustoquio ya yi ta huci, amma shi ne jagoran mawaƙan unguwa, ina zai kai kunyar karya al'ada? Ya ɗauki igiya, jama'a har da Yuleima suka bi shi da waƙa har ɗakin hayar Anselmo.

Ga Jaririn a kan farin ƙyalle, kyandir kewaye da shi, an share ɗakin tas. Anselmo ya miƙo hannuwansa biyu. Tsohon ya ɗaure su, ɗaurin mugunta.

"Ka haska shi da kyamararka?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Na cire wannan wajen daga fim ɗin gaba ɗaya."

"To me ya kai ka?"

"Ina so ka zauna a gidana ka saurare ni. Yuleima nake so, da aure."

Tsohon ya duba Jaririn sama da ƙasa, bai ga ko ƙwarzane ba. Ya zauna, ya ja kwanon abincin da aka ajiye masa, ya ci loma ɗaya, sannan ya kalli 'yarsa.

"Ke, zo ki kwance ɓarawon nan."

Yuleima ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Baba, a bar shi a ɗaure."

Mawaƙa suka fashe da shewa. Kafin Kirsimeti ta zagayo aka ɗaura aure a majami'ar garin. A bakin ƙofa Don Eustoquio ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana. Kai kuma, ɗana, ka riƙe mini ita da kyau."