Hujin Ƙofa ta Huɗu

Saura dutse ɗaya magini ya tashi aiki, shi ya sa ya ƙi sauka daga tsani duk da rana ta yi ja. Mutum ne marar sukuni. Ko a ginin wani ya ga layi ya karkace sai barci ya ƙaurace masa, balle a nasa.

Garin nasu ɗan mitsitsi ne, mai sauri zai kewaye ganuwarsa kafin shayi ya huce. Bayan ganuwar akwai kogi, ƙetaren kogin kuma wata ƙasa ce. Baƙi kan zo su ɗauki hoton hasumiyar masu tsaro da tsohuwar igwar da tsatsa ta cinye wa baki, a zaga da su ƙofofi uku. Ta huɗun ba a nuna wa kowa. An toshe ta da duwatsu ciki da waje tun yaƙin kakanni, ranar da abokan gaba suka haye kogi. Ita aka ba magini ya gyara, don ruwan sama ya zaizaye ta.

Can sama akwai wani huji, faɗin tafin hannu. Kwana shida ke nan yana ci masa rai.

Kawunsa, wanda ya koya masa riƙe cokalin gini, ya zo wucewa yana dogara sanda. Ya ɗaga kai.

"Ɗana, wancan ka bar shi yadda ka gan shi."

"Haba Kawu, gini da huji? A ce aikina ne?"

"Ni ma na gyara ƙofar nan, na bar shi. Ubana ma haka." Tsohon ya rage murya. "Da aka toshe ta akwai masu tsaro bakwai a cikin soron. Sauri bai bari an jira su ba."

"To, Kawu."

Amsar a leɓe ta tsaya. Tsohon na shan kwana, magini ya zaɓi dutse, ya laɓta masa kwaɓi, ya danna a hujin, ya shafe sumul. Har murmushi ya yi. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Sai wuri ya yi tsit.

Kwana shidan nan akwai wani ɗan sauti da yake ji, fuu, shiru, fuu. Ya ɗauka iska ce ke wasa da bango. Sai da ya ɗauke sannan ya gane. Iska ba ta shiga ta fita a jere haka.

Wani wari ya taso daga jikin duwatsun, na danshi da tsohon gumi. A ciki aka fara karta. Farce ne a kan dutse.

Ya sauko a gigice. Taku uku ya yi, ya ja numfashi, babu. Ya sake ja. Ƙirjinsa ya ɗaure tamau. Ya buɗe baki zai kira kawunsa, ko tari bai fito ba. Ya ƙara taku ɗaya, idanunsa suka fara ganin duhu.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya juya da rarrafe, ya kama tsani.

Kwaɓin da ya shafa yanzun nan ya bushe ƙam, kamar ya shekara ɗari. Ya caka cokali, cokalin ya karye.

"Magini," aka raɗa daga ciki. Muryoyi ne da yawa, a shaƙe. "Iska."

Ya sa farce. Ya karta, su ma suna karta. Jini ya bi masa gwiwar hannu.

Dutsen ya motsa.

Ba shi ya jawo shi ba. Daga ciki aka turo.

Iska ta kwarara cikin hujin da ƙarfi har ta fizge masa hula. Shi ma ya shaƙa, ya shaƙa, hawaye na zuba. Kafin ya janye hannu, wasu yatsu masu sanyi suka riƙe wuyan hannunsa.

"An gama yaƙin?"

"An… an gama. Tuntuni."



"To me ya sa ba a buɗe mana ba?"

Ya fizge, ya faɗo, tsanin ya biyo shi. A bakin kasuwa aka tsince shi yana haki, ba hula, ba takalmi.

Ya rayu, amma muryarsa ba ta dawo daidai ba, kuma ya cire ƙyauren ɗakinsa, matarsa ta yi mita har ta gaji. Ya roƙi dattawan gari a rushe ƙofar, suka ce kayan tarihi ne, ba a taɓawa.

Yanzu hujin ya ƙara faɗi, kan mutum zai iya shiga. Wasu na zargin magini, yana rantsuwa ba shi ba ne. Kawunsa ya sa aka hau aka duba masa. Duk kartar daga ciki take.