Ranar da Yalan Ta Juyo

"Ki aure ni, Yalan."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ci gaba da taka taɓo, sandar gora a kafaɗa, kwanduna biyu suna lilo babu ko kifi ɗaya a cikinsu.

"Haisheng... a nan? Jama'a cike da tudu suna kallonmu!"

"Kallo suke, ba sa ji. Ina kuma muke da wajen magana in ba nan ba?"

Oba-obar da ke cikin kwandonta ta yi ƙara. Muryar Deming ce daga kan tudu.

"Kun cika sauri! Haisheng, ɗaga ragar nan sama, rana ta kusa fitowa. Ku koma baya. A sake!"

Suka koma baya, suka sake.

Haka ake neman abinci a ƙauyenmu na gaɓar Xiapu tun da masu yawon buɗe ido suka gano mu. Da ruwan teku ya janye da asuba, sai baƙi daga Shanghai da Guangzhou su jeru a kan tudu da kyamarori masu dogon baki, suna jiran masunci da matarsa su ratsa taɓo. Masuntan gaske suna can da inji da rigar leda, ba mai son hotonsu. Shi ya sa Deming, jagoran baƙi, ya sa wa Yalan jar riga da malfa, ya ba Haisheng tsohuwar raga, ya ce su zama mata da miji. Doka ɗaya ce a aikin: ba a juyowa wajen tudu. Baƙi baya suke so da inuwa, fuska ɓata musu hoto take yi.

Ni dafaffen ƙwai nake sayarwa a kan tudun, kusa da tukunyar romon kifin Goggo Miao, mahaifiyar Yalan. Abin da ya faru a sama da idona na gani, na ƙasa kuma daga bakin Yalan na ji.

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Auren hoto ya daɗe har ya shiga zuciya. A karo na uku da Deming ya ce a sake, Yalan ta zura hannu ta ƙarƙashin raga ta riƙe yatsan Haisheng.

"Na yarda, masoyina... amma ka san halin Mama."

Ta manta cewa kyamara mai dogon baki tana ganin har ƙumba.

Deming yana son Yalan, wannan ko kaguwar cikin taɓo ta sani. Yana da masaukin baƙi mai benaye, yana da mota, yana kuma da ladabi irin wanda tsofaffi suke so. Bai ɗaga murya ba. Da yamma ya shiga gidan Goggo Miao da ledar lemo, ya zauna, ya buɗe wayarsa, ya ja hoton da yatsu biyu har hannayen suka cika fuskar wayar.

"Ni dai ba na son tsegumi, Goggo. Amma wannan ba ya cikin abin da na koya musu."

Yalan ta shigo ta tarar da wayar a hannun uwarta.

"Ɗan jirgi, Yalan? Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki riƙe wa hannu sai ɗan masu karkatacciyar ƙafa?"

"Mama, ƙafarsa lafiya lau take..."

"Rufe min baki! Kakansa a cikin jirgin ruwa aka haife shi, a cikin jirgi ya mutu. A zamanin uwata ko takalmi ba sa sawa in sun hau tudu!"

"Zamanin kaka ya wuce, Mama."

"Ni ban wuce ba tukuna!"

Haisheng ya zo bayan kwana biyu da busasshen kifi da ganyen shayi. A bakin ƙofa ta tare shi, ta tokare hannu.

"Goggo, an ba mu gida a tudu tun ina goye. Makaranta ɗaya muka yi da Yalan."

"Gida aka ba ku, yaro, ba asali ba. Ɗauki kifinka."

Ya ɗauki kifinsa ya tafi. Yalan tana bayan labule tana kuka, ba ta fito ba.

Sauran aikin Deming ya ƙarasa shi cikin sauƙi. Ya ce baƙi sun gaji da mata da miji, sabon abu suke so: matar da mijinta ya tafi teku bai dawo ba, tana tsaye ita kaɗai tana kaɗa wa ruwa malfa. Haisheng ya koma aikin shanya ciyawar teku a kan gorori, can gefen mashigin ruwa. Yalan ta karɓi sabon aikin ba musu. Baƙi kuwa suka so shi fiye da na da, don kewar da ke jikinta ba ta koyo ba ce. Ta rame, ta daina dariya, Deming ya ce hakan ma ya fi kyau a hoto.

Ranar da abin ya faru baƙi sun yi yawa, gajimare kuma ya riƙe rana ya ƙi saki. Deming ya yi ta duban sama yana duban baƙinsa.

"Matsa gaba, Yalan, kusa da mashigi, inda ruwa yake ƙyalli."

"Yaya Deming, ruwa ya kusa dawowa fa."

"Kaɗan ya rage, ƙanwata. Matsa dai."

Ta matsa. Taɓon wajen mashigi ba shi da ƙasa, ƙafarta ta dama ta nutse har gwiwa. Ta yunƙura za ta zare, ta hagu ta bi. Sandar gora ta suɓuce, kwando ya kife, oba-oba ta shige laka. Kafin ta ankara taɓo ya kai mata cinya, ruwa kuma ya fara shigowa a hankali kamar yadda ya saba.

A daidai lokacin rana ta fito.

Yalan ta juyo wajen tudu. Ta cire malfa tana kaɗawa da hannu biyu, tana kiran uwarta. Iska daga tudu take busowa, ta kwashe muryar ta yi teku da ita.

Ba ka jin komai a sama sai ƙarar kyamarori.

"Kai! Yarinyar nan ta iya!"

"Dubi yadda ta durƙusa a ruwa!"

Goggo Miao ta ɗaga ludayi tana nuna wa baƙi.

"'Yata ce! Ni na haife ta! A zuba muku romo?"

Deming ya danna oba-oba yana ta faɗa a kan ta juyo, ta ɓata doka. Da bai ji amsa ba sai ya leƙa cikin kyamararsa. Ko ya gane ko bai gane ba, shi ya sani. Abin da na ji da kunnena shi ne yana ce wa baƙi su yi sauri, hasken ba zai daɗe ba.

Sai ga wani abu ya taso daga wajen gorori. Haisheng ne a kan katakon zamiya, gwiwa ɗaya a kai, ɗayar ƙafar tana tura taɓo, yana gudu kamar an koro shi.

Tudu ya kaure da tafi.

"Mijin ya dawo! Wallahi jagoran nan ya iya shiri!"

Wata baƙuwa mai farin gilashi ta matso wajen Goggo Miao, ta ja hoton da yatsu biyu, ta miƙa mata.

"Duba, Goggo, har da hawaye. Kamar gaske!"

Goggo Miao ta duba. Baki buɗe, idanu waje, ruwa a ƙugu. Ta san wannan fuskar tun ranar da Yalan ta faɗa rijiyar bayan gida tana ƙarama. Ludayi ya faɗi cikin tukunya.

A ƙasa Haisheng ya gindaya katakon a gabanta, ya kwanta a kai, ya tura hannu cikin laka yana tone mata ƙafa.

"Riƙe wuyana, Yalan. Kar ki ja, ki kwanto kawai."

"Na kira Mama... na kira kowa..."

"Na sani, zuciyata. Bar takalmin, fito da ƙafar."

Ya ɗora ta a kan katakon ya turo ta har gaɓa, ruwa yana bin su a baya. Goggo Miao ta riga kowa saukowa. Ta rungume 'yarta, laka ta ɓata mata riga, ba ta kula ba. Can ta ɗago ta dubi Haisheng. Ɓawon kawa mai kaifi da ke cikin laka ya yayyanka masa ƙafafu, jini yana bin taɓo. Ta daɗe tana duban ƙafafun nan.

"Kana can nesa. Yaya aka yi ka gane? Ni da na haife ta ina nan ina tafi..."

"Ta juyo, Goggo. Yalan ba ta juyowa."

Kunya ta kama Goggo Miao, kowa ya ga hakan. Ta hau tudu da kanta, ta cika kwano da romo, ta sauko ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sha. Gobe ka zo gida... ka shigo ciki."

Deming ya zo yana cewa ai da ma yana lura, da shi zai sauka. Yalan ta naɗe malfar da jar rigar ta ajiye masa a kan motarsa, ba ta sake sa su ba.

An yi bikin bayan an gama girbin ciyawar teku. Dangin Haisheng sun nemi alfarma ɗaya: a kai amarya jirgin kakansa tukuna kafin a wuce da ita gida, kamar yadda suka gada. Goggo Miao ta yi tsaki, sannan ta ce a kai. Don haka da asuba, ruwa a janye, ango da amarya suka ratsa taɓo cikin jajayen kaya, dangi a bayansu.

Deming ya ji labari, ya cika tudu da baƙi. Ban taɓa sayar da ƙwai kamar ranar ba. Sai dai rana ta makara, ba ta fito ba sai da suka kusa kai wa jirgi. Baƙi suka fara gunaguni. Deming ya ɗauki lasifika.

"Yalan, ƙanwata! Haisheng! Don Allah ku koma baya kaɗan, haske ya zo! A sake!"

Haisheng ya yi dariya ya matse hannunta.

"Amarya, mu koma?"

"Wannan ba a sakewa, mijina."

Deming ya yi ta kira har muryarsa ta dishe. Ba ta juyo ba.