Garwashi Uku

Talata ce, ranar da masuntan Elmina ba sa shiga teku, ana yayyafi tun asuba. Araba mai suyar kifi ta faɗo ɗakin Fiifi a jiƙe, da takarda a hannunta.

"Gobe ne gwajin, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya."

Wani jirgin ruwa ne ke neman mai girki, shekara uku a teku. Gwajin na dafa miya ne, umarnin kuma da Turanci yake, ita kuwa ba ta yi boko ba.

Ya duba inda ta nuna. Simmer.

"Ina Ticha Kwamena? Ba shi Maame, mahaifiyarki, ke so ki aura ba, tunda ni aji uku na tsaya?"

"Ya ce dafawa, ya ce tafasawa, ya ce sulalawa. Wanne zan ɗauka?"

"Da gangan yake rikita ki. Ba ya so ki tafi."

"Kai fa?"

A ƙarƙashin gadon Fiifi akwai kwalba biyu na giyar da ake kai wa iyayen yarinya ranar neman aure. In ya ce tafasawa, miyar za ta kama, ta faɗi gwajin, ta zauna. Ba wanda zai sani.

"Araba tawa... in kin tafi fa?"

"Shekara goma ina shan hayaƙi a bakin titi. Ka yi wanke-wanke a kicin ɗin jirgi, ka gani da idonka. Kar ka min ƙarya, don Allah."

Ya jawo kurfoti mai garwashi, ya ɗora tukunyar miya. Da ta fara zaɓaɓɓaka sai ya zare garwashi uku.

"Rufe ido. Saurara."

Tukunyar ta lafa. Ɓul... ɓul...

"Wannan ce. Ba ta tafasa, ba ta kuma mutu ba. Can a jirgi gas ne, kar ki kalli wuta, kunnenki zai gaya miki."

Ta buɗe ido da hawaye.

"Zan dawo, Fiifi."

"Juya miyar, kar ta kama."

Ta ci gwajin. Jirgi ya tashi ranar Asabar. Shekarar farko ta kira sau tara, ta biyu sau ɗaya, don ta gaya masa ta yi aure a Abijan.

Abin da Fiifi ya rasa ke nan: garwashi uku, kwalba biyu da ya tsiyaye a teku, da Araba.